Saifud Daula, Sarkin Halab, Mai Tsaron Iyakar Rum

Mutanen Gure ba su bukatar dogon bayani a kan abin da ake nufi da garin iyaka. A ƙarni na 19, zamanin da Muniyoma Koso ke zaune a Gure, ƙasar Muniyo ita ce ƙofar Borno ta wajen arewa maso yamma. Shehu yana can Kukawa, tafiyar kwanaki, amma in mahara suka taso, dawakin Muniyo da ƴan bakanta ne ke fara tarar su a tsakanin duwatsu. Haka Bature matafiyi Barth ya iske garin da ya sauka a watan Disamba na 1852. Irin wannan zama, na sarkin da aka bar wa tsaron bakin ƙasa, shi ne zaman da Aliyu ɗan Abdullahi ɗan Hamdan ya yi a ƙasar Sham wajen shekara 900 kafin Koso. Duniya ta fi saninsa da laƙabinsa, Saifud Daula, wato Takobin Daula. Abokan gabansa kuwa su ne Rumawa.

Rumawan da ake nufi su ne waɗanda sura ta 30 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansu. Kiristoci ne, harshensu Girkanci, babban birninsu Kustantiniyya, wanda yau ake kira Istambul. Suna ɗaukar kansu magadan tsohuwar daular Roma, shi ya sa Larabawa ke ce musu Rum. Bayan yaƙin Yarmuk na shekarar 636 suka rasa Sham, ba da daɗewa ba suka rasa Masar, suka ja da baya zuwa ƙasar da yau take Turkiyya. Abin da ya raba su da Musulmi shi ne jerin duwatsun Toros, dogaye, waɗanda ƙanƙara ke rufewa da hunturu, ba su ƙetaruwa sai ta waɗansu ƙuntatattun mashigai. A nan iyaka ta tsaya kusan shekara 300.

A gindin duwatsun nan halifofi suka jera garuruwa masu ganuwa, irin su Tarsus da Adana da Massisa da Mar'ash da Hadas da Malatiya da Sumaisat. Halifa Haruna Rashid ya ba su muhimmanci ƙwarai, har a shekarar 786 ya ware lardunan da ke bayansu ya yi musu mulki na dabam domin su riƙa tallafa musu. A Tarsus, kusan kowane babban birnin Musulmi yana da gidansa, inda ƴan sa-kai na wannan birni ke sauka, ana ciyar da su da dawakinsu daga dukiyar waƙafi. A ƙasar Hausa sai an gama girbi rani ya shiga ake fita yaƙi. Can kuwa sai ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito, sa'an nan ake ɗaura sirdi. Ba a fita da niyyar cin ƙasa a zauna. A shiga ne, a ƙone ƙauyuka, a koro dabbobi da mutane, a komo gida kafin sanyi ya toshe hanya. Baɗi Rumawa su rama. In kamammu suka taru hannun kowane gefe, sai a yi mahaɗa a bakin wani kogi da ake kira Lamis, yamma da Tarsus, Musulmi a wannan gaɓa, Rumawa a waccan, a riƙa sakin mutum ɗaya ana karɓar ɗaya. Duk wanda ya san labarin Maradi da Tsibiri da ribaɗan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, har ya rasu a ɗaya daga cikinsu, Wurno, a 1837, ya san irin wannan yaƙin da ba ya ƙarewa.

To, kafin a haifi Aliyu ma'auni ya riga ya fara karkata. A 863 Rumawa suka kashe Umaru sarkin Malatiya tare da rundunarsa, daga nan ƙarfin hare-haren Musulmi ya fara raguwa. Halifancin Bagadaza kuma ya shiga tsufa. Baitulmali ya bushe, sojojin Turkawa su ke naɗa halifa su tuɓe shi, kowane gwamna ya riƙe harajin lardinsa. Cikin wannan hali aka haifi Aliyu a watan Yuni na 916, daidai da shekara ta 303 ta hijira. Gidansu na Banu Hamdan ne, daga ƙabilar Taglib, Larabawan ƙasar da ke tsakanin kogin Furatu da na Dijla. Kakansa Hamdan ya taɓa yi wa halifa tawaye aka kama shi a 895, amma ƴaƴansa suka shiga aikin halifa suka ɗaukaka. Mahaifinsa Abdullahi, mai alkunya Abul Haija, ya riƙe Mausil, aka kashe shi a Bagadaza a 929 cikin wata rigimar gadon halifanci. Aliyu yana ɗan shekara 13 ya zama maraya, ya tashi hannun wansa Hasan.

Hasan ya kama Mausil, ya tura ƙanensa wajen arewa, ƙasar Diyar Bakri, inda ake fuskantar Rumawa da sarakunan Armeniya. A lokacin babban kwamandan Rum, Yohanna Kurkuwas, yana cin garuruwan iyaka ɗaya bayan ɗaya. A 934 ya ci Malatiya, wadda ita ce ginshiƙin tsaron wannan sashe. Aliyu ya fara gwada ƙarfinsa da shi yana saurayi. A 938 ya karya wata rundunar Kurkuwas, a 939 da 940 ya ratsa Armeniya ya sa sarakunanta suka yi masa mubaya'a, ya kutsa cikin ƙasar Rum kanta. Da an bar shi a nan, wataƙila da labarin iyaka ya sake. Amma hankalin gidansu yana kan Bagadaza. A 942 Hasan ya sa aka kashe Ibn Ra'iƙ, wanda ke riƙe da ragamar halifanci, ya maye gurbinsa. Halifa Muttaƙi ya ba shi laƙabin Nasirud Daula, ƙanensa kuma, bayan ya ci nasara kan waɗansu ƴan tawaye kusa da Mada'in, aka ba shi Saifud Daula. Shekara guda kawai suka yi a Bagadaza. Sojojin Turkawa da ba a biya albashinsu ba suka yi bore, ƴanʼuwan biyu suka tattara suka koma arewa. Kafin su waiwayo, Kurkuwas ya kewaye birnin Ruha, bai tashi ba sai da mutanen garin suka miƙa masa wani tsohon mayani da Kiristoci ke cewa siffar fuskar Annabi Isa tana jikinsa. Aka kai shi Kustantiniyya da babban biki a 944.

Saifud Daula ya ga Iraƙi ta fi ƙarfinsa, Mausil kuma ta wansa ce, sai ya juya yamma neman ƙasar kansa. Da taimakon Larabawan Banu Kilab ya shiga Halab a watan Oktoba na 944, yana da shekara 28. Halab a lokacin ƙarƙashin Ikshid mai mulkin Masar take, saboda haka sai da aka shekara uku ana fafatawa. Sau biyu yana neman Dimashƙa, sau biyu ana fitar da shi. Na ƙarshen wanda ya kore shi shi ne Kafur, baƙar fata, bawan da aka saya a kasuwa ya zama mai riƙe da Masar bayan rasuwar ubangidansa. A 947 aka yi sulhu. Masar ta riƙe Dimashƙa da abin da ke kudu, Saifud Daula ya riƙe Halab da Hims da Antakiya da dukan garuruwan iyaka, ga kuma tsohon mazauninsa na Mayyafariƙin a gabas. Rabon da ya samu ke nan, kuma rabo ne mai nauyi, domin duk wanda ya riƙe waɗannan garuruwa shi ne Musulmi za su tambaya in Rumawa suka ƙetaro.

Ya kamata a duba da me ya shiga wannan aiki. Ƙasarsa doguwa ce siririya, rabinta hamada. Sojojinsa Larabawan ƙauye ne, waɗanda ke zuwa in akwai ganima su watse in babu, sai bayinsa Turkawa mahaya, da dakarun Dailam da yake haya da kuɗi. A bayansa babu kowa. Tun 945 Bagadaza ta faɗa hannun Banu Buwaihi, waɗanda ba su damu da iyakar Rum ba, hasali ma yaƙar wansa suke yi. Musulmi a lokacin halifa uku gare su, ɗaya a Bagadaza, ɗaya a Ifriƙiyya, ɗaya a Andalus, kowanne yana ganin sauran biyun su ne abokan gaba. A gabansa kuwa daula ce guda, mai baitulmali cike, mai sojoji masu albashi, ƙarƙashin sarki Kustantin na 7. Jagorancin yaƙinta na gabas yana hannun gida guda, gidan Fokas: tsoho Bardas, wanda Larabawa ke kira Dumustuƙ saboda sarautarsa ta babban kwamanda, da ƴaƴansa uku, Nikifor da Leyo da Kustantin.

Duk da haka shekara goma na farko nasa ne, ko da yake sun fara da mummunan darasi. A 950 ya tara mutum wajen 30,000, ya kutsa can cikin ƙasar Rum, ya karya Bardas, ya juyo da ganima mai yawa. A hanyar komowa Leyo Fokas ya yi masa kwanton ɓauna a wani mashigin dutse kafin Mar'ash. Aka kashe masa wajen mutum 8,000, ganima ta koma hannun masu ita, shi kansa da ƙyar ya fita. Marubutan Larabawa sun sa wa wannan fita suna Yaƙin Musiba. Dabarar da aka yi masa ba ta ranar ba ce. Rumawa sun daɗe da gane cewa ba su iya tare mahara a bakin shiga, saboda haka sai su kwashe mutanen ƙauye zuwa kan duwatsu, su bar mahara su shiga, suna bin su daga nesa, sa'an nan su riga su zuwa mashigin da za su bi su fita. Doki ya gaji, raƙuma sun yi nauyi da kaya, hanya ba ta ɗaukar fiye da mahayi biyu a jere. Daga baya ma an rubuta wannan dabara cikin wani littafin koyar da hafsoshi da aka yi da umurnin Nikifor, kuma an ambaci ɗan Hamdan a cikinsa da suna.

Rumawa suka nemi sulhu, ya ƙi. Ya koma gyaran garuruwan da suka rushe. A 953, yana komowa daga wani hari, ya ji Bardas ya shigo ƙasarsa ta baya. Ya bar rundunarsa, ya ɗauki mahaya 600 kawai, ya cim masa kusa da Mar'ash. Aka sari Bardas a fuska, tabon bai rabu da shi ba har ya mutu, aka kuma kama ɗansa Kustantin. Yaron ya kamu da ciwo ya mutu a Halab. Rumawa suka ce guba aka ba shi, suka huce a kan kamammun Musulmi da ke hannunsu. Marubutan Larabawa kuwa sun ce Saifud Daula ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen jinyarsa, da ya mutu ya miƙa gawar ga Kiristocin Halab suka yi mata sutura, ya kuma aika wa uban da takardar ta'aziyya. A shekara mai zuwa, 954, ya tafi sake gina ganuwar Hadas, ya sa hannunsa cikin aikin. Ana cikin gini Bardas ya iso da runduna mai yawa, har da sojojin haya na Rus da Bulgar da Armeniya. Aka yini ana yaƙi a gindin wani tudu, Saifud Daula ya keta sahunsu da ƴan bayinsa, Rumawa suka watse, aka koma aka ƙarasa ganuwa. A 955 kuma ƙabilun Larabawan hamada suka yi masa tawaye, ya bi su har Tadmur, ya karya su, sa'an nan ya yi wa Banu Kilab afuwa ya jawo su jikinsa.

A waɗannan shekaru ne fadarsa ta yi sunan da ya fi na yaƙoƙinsa daɗewa. Ya gina ƙaton gida a wajen ganuwar Halab, ya sa aka karkato ruwan kogin Ƙuwaiƙ yana kewaye shi. Malamai da mawaƙa suka yi ta kwarara zuwa can, domin Bagadaza ta daina biya. Malamin falsafa Farabi ya zauna ƙarƙashin inuwarsa, an ce dirhami 4 kawai ya yarda ya riƙa karɓa a yini, har ya rasu a 950. Akwai masana nahawu irin su Ibn Kalawaihi da Ibn Jinni, akwai mai huɗuba Ibn Nubata, wanda huɗubobinsa na kiran mutane zuwa tsaron iyaka suka zama abin koyi ga limamai. Akwai ɗan baffansa Abu Firas, jarumi kuma mawaƙi, wanda ya taso a gidansa, ya ba shi riƙon garin Manbij yana ɗan shekara 16. Amma wanda ya fi su duka shi ne Mutanabbi, wanda har yau malaman Larabci a Damagaram da Kano da Sakkwato ke karanta diwaninsa. Sun haɗu a Antakiya a 948. Mawaƙin ya kafa sharaɗi cewa ba zai yi waƙa a tsaye ba, ba zai kuma sumbaci ƙasa gaban sarki ba, sarki ya yarda. Aka koya masa hawa da riƙon mashi, ya riƙa bin runduna. Yana cikin waɗanda suka tsira a Yaƙin Musiba, yana nan kuma ranar Hadas, abin da ya gani da idonsa shi ya waƙe. Shekara tara suka yi tare. Girman kansa ya tara masa maƙiya a fada, har wata rana ana gardamar lugga Ibn Kalawaihi ya buge shi da makulli a fuska, a gaban sarki, sarki bai ce uffan ba. A 957 Mutanabbi ya fice ya nufi Masar wurin Kafur.

Sai dai duk wannan kyauta daga wani wuri take fitowa. Ba a ciyar da mahaya da mawaƙa da iska. Gidan Hamdan sun yi ƙaurin suna wajen tsananin haraji da ƙwace gonaki. Mai ba da wannan shaida ba baƙo ba ne. Ibn Hauƙal, ɗan garin Nasibin, ɗan kasuwa kuma masanin ƙasashe, shi ne wanda ya je Sijilmasa ya rubuta labarin cinikin zinariya na Audagust da Gana, har ya ce ya ga takardar bashi ta dinari 42,000. Da fari ya sadaukar da littafinsa ga Saifud Daula, amma da ya sake rubuta shi bai raga wa gidan ba. Ya bayyana yadda aka sassare itatuwan marmari na ƙasarsu aka mai da gonaki na hatsin sarki, da yadda wata ƙabila sukutum, Banu Habib, dangin Hamdanawa ne ma, suka gudu ƙasar Rum tun zamanin Hasan, suka shiga addinin Rumawa, suka komo suna kai hari tare da su, su da suka san kowace hanya da kowace rijiya. A Halab ma an yi kuka da wani alƙalin sarki mai cusa hannu cikin gadon mamata yana kai wa baitulmali. Sarkin iyaka yana bukatar talakawan da za su hau ganuwa da zuciya ɗaya, kuma wannan shi ne abin da Saifud Daula ya yi sakaci da shi.

A 955 sarkin Rum ya sauke tsoho Bardas ya naɗa ɗansa Nikifor. Wannan mutum dabam ne. Ba ya shan daɗin duniya, yana kwana cikin tufafin zuhudu, sojojinsa na tsoronsa suna kuma ƙaunarsa. Ya horar da mahaya masu sulke tun daga kai har ƙafa, dawakinsu ma a rufe kamar ƴan lifidi, ya koya musu tafiya a dunƙule. Abin da ya fi wannan, ya sake manufar yaƙin. Saifud Daula yana nan kan tsohuwar al'ada, a shiga a kwaso a komo. Nikifor kuwa gari yake so, in ya ci shi ya rushe ko ya zuba sojojinsa ciki, ya ƙone amfanin gona shekara bayan shekara har yunwa ta buɗe masa ƙofa. A 957 ya ci Hadas ya baje ganuwar da aka sha wahalar ginawa. A 958 ɗan ƴarʼuwarsa Yohanna Zimiskis ya ci Sumaisat, ya karya Saifud Daula kusa da Ra'aban.

A 960 dama ta samu. Nikifor ya kwashe mafi yawan sojojin Rum ya tafi yaƙin tsibirin Kirit. Saifud Daula ya tara babbar runduna ya shiga ƙasar Rum, ya yi ɓarna yadda ya so, babu mai tare shi. Da zai komo, mutanen Tarsus da ke tare da shi, waɗanda suka san duwatsun nan tun suna yara, suka ba shi shawara kada ya bi hanyar da ya shigo, domin lalle an riga shi can. Shi kuwa mutum ne da ba ya son a ce ya bi ra'ayin wani. Mutanen Tarsus suka bi tasu hanya suka isa gida lafiya. Shi ya bi tasa, ya iske Leyo Fokas yana jiransa a mashigin Andarasos, ranar 8 ga Nuwamba. Abin da ya faru shekara goma baya shi ya sake faruwa, hannun mutum guda, da dabara guda. An ce sai da ya riƙa watsa zinariya da azurfa a bayansa domin masu bin sa su tsaya tsinta. Ya fita da mahaya wajen 300. Daga wannan rana bai sake tara runduna irin wannan ba.

Nikifor ya gama da Kirit a 961 ya komo gabas. Da farkon 962 ya ci Ainu Zarba. Cikin watan Disamba, lokacin da ba a saba ganin yaƙi ba, sai ga shi a ƙofar Halab. Saifud Daula ya riga ya tura babbar rundunarsa ƙarƙashin bawansa Naja ta tare shi, suka saɓa hanya. Ya fita da ƴan mutanen da suka rage, aka karya shi a bakin gari, ya ja da baya wajen Furatu. Rumawa suka washe gidansa na wajen ganuwa, suka kwashe dukiya da makamai da dawaki da alfadarai, suka sa masa wuta. Mutanen gari suka riƙe ganuwa kwana biyu ko uku. Abin da ya karya su daga ciki ya fito. Dogaran gari suka shiga wasoson gidajen mutane da rumfunan ƴan kasuwa, masu tsaron ganuwa suka ji, kowa ya sauka ya tafi kare gidansa, Rumawa suka ga ganuwa babu kowa suka hau. Sun yi kusan mako guda a cikin birni. Suka kashe wanda suka kashe, suka kora yara da matasa wajen 10,000. Man zaitun da ke cikin manyan rijiyoyin ajiya, da suka ga ba su iya ɗauka, sai suka zuba ruwa ciki har man ya tumbatso ya malale a ƙasa. Ƙaramin birnin da ke kan tudu a tsakiyar gari shi kaɗai ya gagare su, dakarun Dailam suka riƙe shi.

A wannan shekara ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ga kuma ciwon mafitsara. Mutumin da ya saba kwana kan sirdi ya koma ana ɗaukarsa cikin amuku. Ya komo Halab ya kwaso mutanen Ƙinnasrin ya zuba a cikin kangayen, amma yawancin sauran kwanakinsa a Mayyafariƙin ya yi su. Da aka ga bango ya tsage, na kusa da shi suka fara tawaye. Ɗan wansa ya tayar a Harran. Naja, bawan da ya fi amincewa da shi, ya nemi ƙasar kansa, aka lallashe shi ya komo, aka kashe shi a 965. Wani Rashiƙ daga Tarsus ya kama Antakiya ya zo ya kewaye Halab kanta. A can Kustantiniyya kuwa Nikifor ya hau gadon sarauta a 963. Ƴan sa-kai sun zo daga Kurasan da nisanta domin taimako, suka tarar da yunwa da annoba, babu abin ciyar da su. A 965 Massisa ta faɗi. Tarsus ta aika neman agaji, sarki ba shi da abin aikawa. Ranar 16 ga Agusta garin ya miƙa wuya. Aka bar wanda ya so ya fita da abin da zai iya ɗauka, aka raka su har Antakiya, aka mai da babban masallaci bargar dawaki, aka ciro ƙyamaren ƙofofin gari aka kai Kustantiniyya. Jiragen ruwa ɗauke da hatsi daga Masar sun iso bayan kwana uku.

Aikin ƙarshe da ya yi na kirki shi ne fansar kamammu. A watan Yuni na 966 aka yi mahaɗa a bakin Furatu kusa da Sumaisat, tun da kogin Lamis ya riga ya koma cikin ƙasar Rum. Kamammun Rumawa da ke hannunsa suka ƙare, na Musulmi kuwa saura wajen 3,000. Ya ce ba za a bar kowa ba. Ya biya da kuɗi har baitulmali ya ƙare, an ce har wata rigarsa ta alfarma mai duwatsu masu daraja ya jinginar. Cikin waɗanda aka fanso akwai Abu Firas, wanda ya yi wajen shekara huɗu a hannun Rumawa yana aiko da waƙoƙin kuka da zargi, yana ganin ɗan baffansa ya manta da shi. Mahaifiyarsa ta rasu kafin ya komo. Saifud Daula ya ƙi fansarsa shi kaɗai tun da fari, ya ce sai tare da sauran Musulmi.

Bayan wannan ya sa aka ɗauke shi zuwa Sham, ya karya ƴan tawayen Antakiya, ya shiga Halab. A nan ya rasu a watan Fabrairu na 967, cikin Safar na shekara ta 356, yana da shekara 50. Masu tarihi sun ƙidaya masa gamuwa wajen 40 da Rumawa. Mutanabbi ya riga shi da shekara biyu, an kashe shi a hanya kusa da Bagadaza. Ɗansa Abul Ma'ali, yaro ɗan shekara 15, ya gaje shi, kafin shekara biyu kuma mutanen yaron suka kashe Abu Firas kusa da Hims. A watan Oktoba na 969 Rumawa suka ci Antakiya, suka riƙe ta har 1084, Halab kuma ta yarda ta riƙa biyan su gandu kowace shekara. Nikifor bai ci moriyar wannan ba, domin a watan Disamba na shekarar Zimiskis ya shiga ɗakin kwanansa da dare ya kashe shi ya hau gadonsa.

Gawar Saifud Daula an ɗauke ta daga Halab zuwa Mayyafariƙin, garin da yau ake kira Silban a kudu maso gabashin Turkiyya, aka rufe shi a hubbaren mahaifiyarsa. Tun yana da ƙarfi, duk lokacin da ya komo daga ƙasar Rum, yakan sa a kakkaɓe ƙurar da ke jikin tufafinsa da sulkensa a tara. Da ta taru aka kwaɓa ta aka yi ɗan tubali kamar tafin hannu. Bisa ga wasiyyarsa, shi aka sa ƙarƙashin kuncinsa a cikin kabari.